Ranar da Aka Hana Kunne Taɓa Sanda

Ya samu sunan Kunne tun yana gyaran rediyo a wata rumfar kwano a bakin titi, kafin a rushe rumfunan a yi wa motoci wurin tsayawa. A lokacin ba ya buɗe rediyo sai ya saurare ta. Mutum zai kawo akwatinsa yana ta zuba bayani, Kunne ya ɗaga masa hannu ya yi shiru, ya kunna, ya karkata kai gefe guda, can ya ce, "Sifikar ce ta yage," ko kuma, "Dalma ta saki a ƙafa ɗaya." A buɗe, a tarar haka ne. Ba ya jiran yabo. Ya gyara, ya miƙa, ya kira na gaba.

Da rediyo ta daina ciyar da gida sai ya koma gyara wa masu ba da hayar manyan sifiku. A nan ya kashe abin da ke ciyar da shi. Yini yake da kunci a jikin sifika an ƙure mata murya, yana neman inda take karkarwa. Ya dawo gida kansa na amsa kuwwa, ya kwanta, gari ya waye ya koma. Ba wanda ya ce masa ya bari, kuma da an faɗa ma ba zai ji ba, don tun kafin kunnen ya mutu ba mai jin magana ba ne.

Mai wani babban kantin kayan lantarki ne ya tako da ƙafarsa ya ɗauke shi aiki, ya ba shi sashen sauti. Ya yi shekaru a wurin har gashinsa ya yi fari. A gabansa kaset ya mutu, faifai ya zo ya wuce, talabijin ya rame ya koma kamar allo. Da talabijin ya rame sai muryarsa ta rame tare da shi, aka shiga yayin wata doguwar sifika da ake shimfiɗewa a ƙarƙashinsa. A kanti sanda suke ce mata. Masu tsadar cikinsu suna zuwa da akwatin wufa mai kaurin murya da ƙananan sifiku na baya, suna jefa sauti sama ya daki silin ya sauko wa mutum a ka.

Kurmancin bai zo masa rana ɗaya ba. Kukan tsuntsaye ne ya fara tafiya, sai ƙarar waya, sai muryar matarsa idan ta yi magana daga bayansa. Abin da ya maye gurbinsu wani kukan gyare ne da ba ya yankewa, da wani gunji mai kauri idan wuri ya cika da hayaniya. Yana jin ana magana, amma kamar daga cikin rijiya.

"Malam, wai da bango nake magana?" matarsa takan ce.

"Ina jin ki."

"To me na ce?"

Sai ya tashi ya shiga wanka.

Autarsu ce ta ja shi asibiti, aka ba shi 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne. Kullum da safe yakan saka ta a gaban madubi don a gani, ya fita da ita har inda yake shiga mota, a nan ya zare ya jefa a aljihu. Ya san kasuwarsa. Babu mai sayen sauti a hannun mutumin da ke da na'ura a kunne. Shi kuwa ban da sauti bai iya sayar da komai ba, kuma ya wuce shekarun da za a ɗauke shi a wani wuri. Ranar da kanti ya gane, ranar aikinsa ya ƙare. Wannan ya sani sarai.

Don haka ya fito da tasa dabarar. A lungun gwaji, inda aka ajiye kujera mai taushi da kafet da ƙaramin silin, kullum a gaba yake tsayawa, gefen talabijin, yana fuskantar kwastoma, idonsa a kan leɓen mutum. Hannunsa ɗaya kuma yana kan sanda kamar mai lallashin jariri. Mutane suna ɗauka son kayan ne. Da tafin hannun yake ji. Ya san karkarwar ruwan sama, ya san ta tsawa, ya san idan sanda ta yi shiru. Fim ɗin gwajin kuwa ya haddace shi kamar sunan 'ya'yansa: daji, ruwa, jirgi mai saukar ungulu, gilashi ya fashe. Da haka ya ci shekaru, kuma ba a taɓa dawo masa da kaya ba.

Ba mutum ne mai daɗin zama ba, a faɗi gaskiya. Akwai wani abokin aikinsa a sashen talabijin, ƙato mai faɗin baki, wanda duk abin da kwastoma ya tambaya sai ya ce akwai. Wata rana ya sayar wa wani mutum talabijin da bai dace da sandarsa ba, aka dawo da shi ana zage-zage. Kunne ya dube shi a gaban kowa ya ce, "Kai dai gwangwani ne, ƙara kawai." Sunan ya bi shi. Har masu shara Gwangwani suke ce masa, har matarsa idan ta kira kanti sai a ce a ba Gwangwani waya. Yana dariya idan an kira shi, amma bai manta wanda ya raɗa masa ba. Kuma ya daɗe da lura cewa idan ya tsaya a bayan tsohon ya kira shi, ko gezau.

Da ciwon ƙafa ya zaunar da mai kanti a gida sai surukinsa ya karɓi wurin. Manaja ake ce masa, ba ya son a kira shi da wani abu daban. Mutum ne mai ƙyamar shatin yatsa. Yakan bi kaya da tsumma yana tsaki. Wata safiya ya tara ma'aikata ya kafa doka: idan ana gwaji, mai sayarwa ya haɗa waya ya koma bayan kujerar kwastoma, hannu a baya. Ba taɓa kaya, ba tare wa mutum allo.

"Musamman kai, Baba," ya ce yana nuna Kunne da biro. "Kullum kana rungume da sanda kamar amaryarka. Duk ka sa mata maiƙo."

Aka yi dariya. Kunne ya karanta maganar a leɓensa tsaf, ya yi murmushi tare da su.  A bayan kujera babu leɓe, ƙeya kawai. Babu sanda. Ya lallaɓa ya yi 'yan kwanaki a haka, yana cika kwastoma da surutu don kada su samu sararin tambaya, shi da a da kalmominsa ba su cika tafin hannu ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Wani ɗan kwangila ya shigo da matarsa, direba na biye da su da dogon kwali a kafaɗa. Sanda ce ɗansu ya aiko musu daga waje, da wufarta da sifikun baya.

"Mun haɗa ta da talabijin ɗin gida, wai sauti zai zagaye mu," in ji ɗan kwangila. "Ni dai ban ga abin da ya zagaye ni ba sai sauro. Ku ba ni wancan talabijin, babban cikinsu."

Kunne ya tsuguna ya duba bayan sandar, ya tashi ya leƙa bayan babban talabijin ɗin da ake nunawa.

"Yallaɓai, wannan ba zai yi maka ba."

"Don me? Ya fi ƙarfina ne?"

"A'a. Sandar ce ta fi ƙarfinsa. Ka ga ramukan nan na waya? Duk kama ɗaya suke, amma ɗaya ne kawai ke mayar da sauti zuwa sanda, shi ne mai 'yan haruffa a gefe. Wannan babban yana da shi, amma tsohon yayi ne, matse sautin yake kafin ya miƙa. Za ta yi ƙara, amma sifikun da ke jefa sauti sama zaman banza za su yi. Ga wanda zai yi." Ya nuna wani da bai kai shi girma ba. "Shi yana miƙa mata komai yadda ya zo. Kuma rimot ɗaya zai ishe ku, Hajiya ba za ta riƙa neman biyu a ƙarƙashin kujera ba."

Matar ta yi dariya. "Wallahi kamar ka san gidan, Baba."

"Falona fa babba ne," in ji mijin. "Ƙaramin nan zai ɓace a bango."

"Ido ka zo saya ko kunne?"

Ɗan kwangila ya dube shi sama da ƙasa. Bai saba a mayar masa da magana ba. "To a gwada. Sai na ji da kunnena."

Aka kai talabijin lungun gwaji. Kunne ya shimfiɗa sandar, ya ajiye wufa a kusurwa, ya kai ƙananan sifikun bayan kujera, ya soka waya a ramin da ya dace. Da ya kunna, ya yi kamar yana gyara mata zama, ya saci taɓawa sau ɗaya. Tana rawa a ƙarƙashin yatsunsa. Lafiya lau. Ya hango Manaja daga nesa yana kallonsa, ya janye hannu da sauri, ya zagaya bayan kujera ya haɗa hannuwa a baya kamar ɗan makaranta.

Lungun ba shi da ƙofa, katanga ce ta katako rabin tsayi. Daga can bangon talabijin-talabijin na kanti duk a kunne suke, gunjinsu yana shigowa. Wannan gunjin shi kaɗai Kunne ke ji, ko sanda na aiki ko ba ta yi. Gwangwani ya zo ya jingina da katangar. Rimot ɗin sandar yana cikin kwali, ya sa hannu ya ɗauka ba wanda ya kula.

Fim ya fara. Daji, ganye na motsi, ruwa ya soma sauka. Matar ta ɗaga kai ta dubi silin, ta taɓa mijinta. Ɗan kwangila ya gyara zama, ya ce, "Kai!"

"Kun ji ruwan a saman kanku ko?" in ji Kunne. "To ku saurara, tsawa na zuwa ta hagu."

Gwangwani ya danna. Sanda ta yi tsit.

Walƙiya ta haska allo, ba ƙara. Ɗan kwangila ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji tsohon a bayansa yana cewa da ƙarfi, "Kun ji ta! Har cikin ƙirji ake jin ta." Ɗan kwangila ya waiwaya gefe, ya ga Gwangwani ya ɗora yatsa a leɓe, yana nuna masa rimot, yana nuna kunnensa, yana nuna Kunne da haɓa. Mutumin ya gane nan take. Fuskarsa ta washe kamar an ba shi kyauta.

Idon Kunne yana kan allo, don daga can yake ɗaukar lokacinsa. Bai ga abin da ake yi ba.

"Yanzu jirgi zai taso daga bayanku," ya ce. "Kada ku waiwaya. Ga shi nan. Yana zuwa. Ya wuce ta kan Hajiya, ya koma dama. Kun ji yadda farfelar ke yanka iska?"

Jirgin ya ratsa allo shiru kamar kifi a ruwa.

"Ƙwarai kuwa!" in ji ɗan kwangila, bai juyo ba. "Har hulata ta kusa tashi. Baba, uban wa ya koya maka ƙarya haka?"

Kunne ya ga ƙeyar tana motsi, ya san an yi magana. "Haka ne, Yallaɓai," ya ce. "Aikin talabijin ɗin ke nan."

Mutumin ya kife da dariya. Ya miƙa hannu Gwangwani ya ba shi rimot, ya saki sauti ya sake kashewa, ya saki ya kashe, don ya tabbatar wa kansa. Kashiya ta baro teburinta ta zo da waya a hannu tana ɗauka. Masu shara suka tsaya da tsintsiya. Direba ya toshe baki da hula. Kunne ya ga kafaɗun ɗan kwangila suna rawa, ya ɗauka daɗi ne ya kama shi, irin wanda ya saba gani. Hankalinsa ya ɗan kwanta. Har ya ƙara murya.

"Ai ba ku ji komai ba tukuna," ya ce.

Nan wurin ya fashe. Gwangwani ya durƙusa yana dukan katanga.

Matar ce ba ta yi dariya ba. Ta ce wa mijinta ya isa, bai saurare ta ba. Sai ta miƙe, ta juyo, ta fuskanci Kunne sosai, ta yi magana a hankali yadda ake yi wa mara lafiya.

"Baba. A kashe take. Tun ɗazu."

Wannan ya karanta. Ya dubi sanda, ya ga 'yar fitilarta tana ƙiftawa ja. Ya dubi rimot a hannun mijin. Ya juya ya ga bakuna a buɗe, haƙora a waje, waya ta nufo shi. Hannuwansa suna baya har yanzu, ya manta ya sauke su.

Manaja ya iso yana tambayar abin da ke faruwa. Gwangwani ya share hawaye ya ba shi labari. Manaja bai yi dariya ba, shi ba ya dariya a gaban kwastoma. Ya zo ya tsaya a gaban Kunne, ya ɗaga tsumman goge kayansa ya rufe bakinsa da shi, ya yi magana.

Kunne ya ga tsumma yana motsi. Ya ga idanu suna jira. Amsa ɗaya yake da ita.

"Haka ne, Manaja."

Abin da Manaja ya tambaya shi ne, "Ashe shekara da shekaru kurma muke ciyarwa?"

Ɗan kwangila ya sayi talabijin ɗin da Kunne ya zaɓa. Gwangwani ne ya raka shi wurin kashiya, yana maimaita masa bayanin rami mai haruffa kalma da kalma kamar shi ya haife shi. Da za su fita mutumin ya dafa kafaɗar Kunne, ya sa baki a kunnensa ya kwarara ihu, "Mun gode, Baba! Yau na yi nishaɗi!" Matar ta wuce kanta a ƙasa.

Hoton da kashiya ta ɗauka ya riga shi isa gida. Da ya shiga da yamma ya tarar Auta ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, matarsa na zaune a falo da waya a cinya. Ta bari ya zauna, ta matso inda zai ga bakinta.

"Na'urar tana ina?"

"Aljihu."

"Aljihun ne kurman?"

Ta nuna ƙofar ɗakin Auta.

"Yarinyar nan ta yi ta jeka-ka-dawo a asibiti saboda kai. Yau ƙawayenta ne suka turo mata ubanta yana nuna wa mutane jirgi. Har maƙwabta sun gani. Ɗazu yaran gidan can suna ta cewa ba ku ji komai ba tukuna." Ta miƙe. "Abincinka na kan tebur. Ka ji, ko in rubuta?"

Washegari ya yi wanka ya sa rigar aiki ya tafi, don bai san wani wurin zuwa ba. Manaja ya kira shi ofis, ya zaunar da shi, ya yi magana baki a buɗe ƙwarai kamar mai koya wa yaro karatu.

"Ba zan kore ka ba, Baba. Surukina ba zai ji daɗi ba. Amma sauti kam kun rabu. Gwangwani zai riƙe sashen."

Kunne ya gyaɗa kai.

"Akwai wani aiki. Na sayo manyan sifiku biyu, za mu kafa a bakin ƙofa mu riƙa sakin kiɗa don jan mutane. Ana son wanda zai tsaya a wurin yana miƙa takardun talla, ya kuma sa ido kada a taɓa waya. Na gwada mutum biyu, kowa ya ce kansa zai fashe." Ya buɗe hannu yana murmushi. "Kai kuwa ba abin da zai dame ka. Ka ga Allah ya yi maka gata."

Kunne ya fi kowa sanin abin da sifiku irin waɗannan ke yi wa ɗan ragowar jin da ya rage masa.  Ya tambayi ranar da zai fara. Aka ce yau.

Can yake har yanzu. Sun ba shi riga mai ruwan ɗorawa da sunan kanti a baya, da kujerar roba da ba a yarda ya zauna a kai ba sai rana ta take. Sifikun sun fi shi tsayi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Masu wucewa suna toshe kunne su ƙara sauri, wasu su karɓi takardar su yar a gabansa, shi zai tsince. Kafin shekara ta zagayo gunjin ma ya tafi.

Maƙwabtan kanti sun tsane shi, don shi suke gani. Mai shagon magani na gefe ya fi kowa. Kusan kullum sai ya fito da farar rigarsa, jijiyar wuya a tashe, ya tsaya a gabansa yana nuna sifiku yana nuna shagonsa, yana zagin iyayensa ɗaya bayan ɗaya. Kunne yakan bari ya gama. Sannan ya zaro takarda ɗaya ya miƙa masa da hannu biyu.

"Madalla," yakan ce. "Ku shiga ciki, akwai sababbin kaya."